A faɗa mini babin fulotar a littafin duwan

Zuwa ga Mai Girma Shugaban ofishin duwan, wato kwastan, da ke riƙe da kwalina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka.

Ranka ya daɗe, sunana Elhaji Sani, mai sayar da famfon rana da tiyo da sauran kayan ban ruwa a kasuwar Gure. Ban rubuto don faɗa ba. Fushin ya ƙare mini tuntuni, labarin kawai ya rage.

Na ɗaya. A magazarku ta ajiyar kaya akwai kwalina guda, ya shiga tun ana girbin gero, ga shi yau zafi ya shigo. Fulotar ne a ciki. In ba ka taɓa riƙe shi ba, wata roba ce kamar mangwaro, da waya a gindinta. A jefa ɗaya cikin shato, tankin nan na sama, ruwa ya cika, ya kashe famfo. A jefa ɗaya cikin rijiya, ruwa ya ja ƙasa, ya kashe famfo kafin ya juya a bushe ya ƙone. Iyakar aikinsa ke nan.

Na biyu. Ba zan ɓoye nawa ba. Ni na sa tiranzite, mai cika mana takardu, ya rubuta shi cikin kayan famfo, babi na 84 na littafinku na haraji, don na ji an ce kayan rana ana yi musu sassauci. Ɗan kasuwa ne ni, ƙofar da ta fi faɗi nake fara gwadawa. Ma'aikacinku ya girgiza robar kusa da kunnensa, ya ji ƙwallo yana motsi a ciki, ya ce wannan makunnin lantarki ne, babi na 85. Na ce na yarda. Kafin a buga hatimi, na gaba da shi ya ce a'a, abin da ke gane inda ruwa ya kai ma'auni ne, babi na 90. Na ce wannan ma na yarda. Suka ce yardata ba ta da amfani tunda su ba su yarda da juna ba, sai an aika samfur sama.

Na uku. An aika. Bayan wata guda aka ce an canja wa wanda ya karɓa wurin aiki, a ba da wani. Na ukun, a gabana aka tsaga shi da zarto, aka ga ƙwallo da ɗan makunni, kowa ya ce ai ga shaidarsa nan. Na ɗan zauna a lakwal, makarantar boko, ina karanta Faransanci, sai na roƙi littafin na duba babi biyun da suke gardama a kai. Tsakani da Allah, dukansu suna da gaskiya. Tun ranar na daina gardama.

Na san akwai hanyoyin da kwali irin wannan ke bi ya iso Gure ba tare da ya gaida kowa ba. Ban ce na taɓa bin su ba. Wannan karon dai ta ƙofa na shigo, don ƙungiyar masu lambu ta ce sai da takarda.

Na huɗu, kuma shi ne dalilin wasiƙar. Baba Kyari dattijo ne mai lambu a wani kwari a hanyar Bune. Bijimansa biyu ya sayar ya sayi famfo wurina, bisa maganata cewa fulotar na nan tafe cikin mako biyu. Na ce kafin nan ya dinga lura da ido. Haka ya yi wata da watanni: yana zaune bakin rijiya da guntun madubi, yana haska rana ciki don ya ga ruwan, in ya ja ƙasa ya tashi ya kashe. Ran nan maƙwabcinsa ya rasu. A wurinmu mutum ba ya ƙin zuwa jana'iza saboda famfo. Albasa kuma ta fara ɗaura kai, ba ta son ƙishi, sai ya bar shi kunne, yana ganin ba zai daɗe ba. Ya dawo ya tarar da ƙauri, famfo ya ƙone. Ya koma guga da hannu, da shekarunsa. Fangali biyu ya ceto, sauran suka bushe yana kallo.

Ranar kasuwa ya kawo famfon a amalanken jaki. Ya gaishe ni, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Elhaji, ajiye shi wurinka, ni ba ni da abin yi da shi." Na jira zagi, bai zo ba. Na ce zan gyara, ba sai ya biya ba. Ya ce ba zai sake sa shi a rijiya ba sai da abin nan na roba, idonsa ya gaji. In ya tone ɗan abin da ya ragu, zai koma wurin ɗansa a Damagaram. Kwarin da aka bari kuwa, yashi ne ke gadonsa.

Roƙona biyu ne, ranka ya daɗe. Ku zaɓi babi ɗaya, ko da wanda ya fi tsada ne, ku rubuta ku liƙa a ƙofa don na bayana. In kuma hukuncin sai ya sake kwana, ku riƙe kwalin ku ba ni guda biyu, ɗaya na shato, ɗaya na rijiya, ku kira su da sunan da kuka ga dama.

Albasar tana da kamar mako uku a ƙasa. Baba Kyari bai ce zai jira ba, bai ma san na rubuto ba.

Allah ya taya ka riƙo, ya ba ka lafiya da mataimaka nagari, ya sa ka gama aiki lafiya.

Wassalam.

Elhaji Sani mai kayan famfo,
Kasuwar Gure