Zanen Inna da Na Yanka

Tudun Wada, Zariya
12 ga Maris, 1956

Zuwa ga Yaya Rakiya, a Kumasi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Malam Labaran da yara. Allah ya raba mu da mugun ji da mugun gani. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Baba Isiyaku da ta hana shi zuwa masallaci.

Yaya, na yi ɓarna, gara ki ji daga bakina. Tun rasuwar Inna zama ya gagare ni. Maƙwabciyata Nneamaka, matar mai kantin bakin titi, ta koya mini haɗa ƙyallayen da teloli ke zubarwa a yi mayafi. Ita layi-layi take jera nata, ni kuwa sai na ga abin da bakina ya kasa faɗa allura tana faɗa. A jikin mayafin na ɗinka hoton gidanmu na Tudun Jukun, rijiya da tsamiya, har akuyar nan ɓarauniyar dusa. Matan unguwa suna dariya, wai Atika ta koma ɗinkin rigar mahaukata. Ko a jikina!

Da na zo ɗinkin tsakar gida, inda Inna ke zama tana kaɗi, na rasa ƙyallen da zai zama ita. Wallahi goma na gwada, ba wanda ya yi. Sai na buɗe adudunta, na ɗauko baƙin saƙin nan nata na Sallah, na sa almakashi. Na san ba a raba gado ba, amma idona ya rufe.

Jiya Yaya Gwadabe ya zo, ya ga mayafin, ya yi salati. Ashe Inna ta ba ki zanen nan tun tana kwance, ta ce masa ya aika miki tunda ba za ku gana ba. Ya ce na ci amanar mamaciya, in warware ɗinkin a kai miki guntayen. Na yi kuka har na gaji, amma ruwa in ya zube ba ya kwasuwa.

Ke ce mai haƙƙi. In kin ce in warware, zan warware. In kin ce in aiko shi ɗungurungum, fataken goro za su kawo miki. Roƙona ɗaya, ki yafe mini. Ban wanke shi ba, Yaya, ƙamshin Inna yana jikinsa har yanzu. Ƙamshin nan kaɗai ne rabonki da ban taɓa ba.

Ki gaida Malam Labaran, da Larai da Nagoda. Baba Isiyaku yana sa muku albarka.

Ni ce ƙanwarki mai jiran amsa,
Atika