Rakiyar Ilham

Glenwood, Greensboro

Zuwa ga Yaya Hadijatu,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da Malam da yara. Yaya ƙafar taki, har yanzu tana kumbura? Mu nan lafiya lau, sai gajiya, ita kuwa ta zama 'yar gida.

Kin tambaye ni wane irin aiki nake yi da ba ya ƙarewa. Ana gyaran hanyar jirgin ƙasa a nan don jirgi ya riƙa gudu sosai. Inda dogo ya yi kwana an miƙar da shi, inda motoci ke tsallaka shi an yi gada. Ni kuma a jami'a aikina in auna ko gyaran ya yi amfani, in rubuta rahoto, yaran da na girme su su sa sunansu a sama, nawa a ƙasa. Amma gaskiya aikin ya yi kyau, na nemi aibinsa ban samu ba. Ni da kaina ma na ba da shawarar a rage tsayuwar jirgi a tasha, don a nan lokaci ke zubewa, kuma aka karɓa.

Ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. 'Yarki Ilham ta samu aikin jinya a wani asibiti a Charlotte, ta ce can za ta zauna. Na ce ban yarda ba. Sai ta buɗe rahotona a waya, ta nuna mini inda na rubuta cewa yanzu garinmu da Charlotte sun zama maƙwabta. Sai na yi fushi. Tun ranar in na yi mata Hausa, da Turanci take mayar mini, shi ma a taƙaice.

Ke kin san abin da nake tsoro. Ni ma ranar da na hau jirgi a Ƙauran Namoda cewa na yi karatu zan je in dawo. Baba ya rasu ina nan, Inna ma haka. Ni dai a sanina jirgi ɗaukewa yake yi, ban taɓa ganin ya mayar ba. Ran Asabar za ta tafi, kuma har yanzu bakina ya ƙi sa mata albarka. Ki sa mu a addu'a.

Ƙaninki,
Abdurrahim

Glenwood, Greensboro

Yaya Hadijatu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan ƙafa ta yi sauƙi, ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba da karatu.

Ran Asabar da safe na ce ba inda za ni. Ina zaune da jallabiya da silifas sai ga Alhaji Ubale, dattijon da ke mana limanci, ya zo kai Ilham da mamanta tasha. Ya ce a garinsu ko baƙon da kuka yi faɗa da shi ana taka masa. Kunya ta sa na shiga motar a yadda nake.

Kin tuna rakiyar Ƙaura? Baba ya shiga tarago da ni, ya ɗora akwatina, ya zauna ya yi mini nasiha, ya saya mini rake ta taga, jirgi ko motsi bai yi ba. To ashe ƙafafuna ba su manta ba. Jirgi na tsayawa na karɓe akwatin Ilham na shige gaba, Alhaji na biye da kular dambun da mamanta ta yi. Muka nema mata kujerar taga. Alhaji ya ɗaga hannu ya fara addu'a, shi kuwa in ya fara sai ya kai kan kakanni. Muna cikin amin na ga tasha tana tafiya. Maman Ilham na can waje tana ɗaga hannu biyu, makullin mota kuma na aljihun Alhaji.

Ni da na rubuta a rage tsayuwa! Ilham ta dube ni, ta dubi silifas ɗina, ta fashe da dariya har da hawaye. Ta ce wai shawarar injiniya ta kama injiniya, kuma da Hausa ta faɗa, Yaya. Kwandastan mutumin kirki ne, ya bari ta saya mana tikiti a waya, ya ce muna iya sauka a High Point, tasha ta gaba. Alhaji ya sauka, tunda ya bar baiwar Allah a tsaye. Ni na ce gwiwata na ciwo. Gwiwar kuwa lafiyarta ƙalau.

Muka buɗe dambu. Ina nuna mata gadoji da kwanar da aka miƙar, sai na ga ta riga ni sani. Ashe rahoton nan da ko masu sunan sama ba su gama karantawa ba, ita ta karanta shi kaf. An ba ta aiki a garuruwa masu nisa, ta zaɓi Charlotte saboda yana kan layin jirgin da ke bi ta garinmu. Na juya wajen taga ina kallon itatuwa. Kafin mu isa na dafa kanta na sa mata albarka, irin wadda Baba ya sa mini.

Na ga ɗakinta, na gwada makullin ƙofar, na hau jirgin dawowa. A gidana na yi la'asar, Maman Ilham na ta tsiya wai an dawo daga yawon duniya da silifas.

Shawarata ban janye ba, don daidai take. Na dai ƙara cewa a riƙa yi wa 'yan rakiya shela kafin jirgi ya tashi. Shugabana ya tambayi inda na samo hujja, na ce gwaji na yi da kaina.

Ilham na zuwa cin tuwo ran Juma'a. Ni kuma in Allah ya kai mu hutun ƙarshen shekara, ki sa a share mini ɗakin Baba. In na tashi komowa ki yi mini rakiya, amma daga bakin ƙofa.

A gaida Malam da yara. Allah ya haɗa fuskokinmu.

Ƙaninki,
Abdurrahim