Kwana Tara a Tsakanin Shinge Biyu

Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙarfin jiki? Ina fatan kina samun barci, kina kuma ɗan taɓa abinci ba sai 'yarki Auta ta yi ta lallashinki kamar jaririya ba. Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ne.

Tunda kunnen nan naki ya yi yaji, waya ta daina amfani tsakaninmu, ga ni na koma biro da takarda. Zan ɗauki hoton wasiƙar in tura wa Auta, ta ƙara miki girman rubutun ki karanta da kanki. Kada ki bari ta karanta miki, akwai gulma a ciki.

Albishirinki, mun taso! Yau kwananmu uku a hanya. Shekara goma sha tara rabon da in sa ki a ido, ke da kika goya ni, kika sa ni a makarantar koyon jinya. Na ce wa maigidana mu hau jirgi mu huta, ya ce sam. Kin dai san Injiniya, mutumin da ya yi shekara talatin da biyu a kwance ƙarƙashin motocin gidan waya. Wai ya yi miki alkawari tun muna da sauran baƙin gashi, ranar da muka yi ritaya da motarsa zai kawo ni ƙofar gidanki, kuma ba zai saɓa ba.

Motar kuwa sai kin gani. Akwala ce ya saya, ya kafe ta a tsakar gida shekara uku yana haɗawa. Ƙofa daga wannan, kujeru daga waccan, fitila ɗaya ta fi ɗaya girma. Shekaranjiya lagireto ya tafasa, jiya taya ta fashe har sau biyu. Ni ina bakin titi rana na gasa ni, shi kuwa bakinsa har kunne, an samu abin kwancewa. Tsufa dai bai rage masa komai ba sai haƙora.

Ciwon sugansa da sauƙi. Maganin yana cikin kula, ina sayen ƙanƙara duk garin da muka tsaya. Har yau ni nake yi masa allurar safe da yamma, domin jarumin naki da ya ga tsinin allura sai jiri ya kwashe shi.

Gobe za mu tsallake iyaka, jibi in Allah Ya yarda ina gefen gadonki. Ki tanadi faɗan da za ki yi mini na ƙiba.

Ki gaida Auta da yaranta.

Ƙanwarki,
'Yar Rigima

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya jikin? Auta ta ce kin yi dariyar maganar fitila har kika ƙware. Na ji daɗi, amma ki riƙa yi a hankali.

Ba mu iso ba, kuma ba lafiya ba. Ɓangarenmu sun buga mana hatimin fita ba wata matsala, suka ɗaga shinge. Muka yi tafiyar da ba ta kai mil ɗaya ba zuwa shingen ɓangarenku. Nan wani jami'in kwastan mai tabarau ya ce a buɗe gaban mota. Ya goge jikin injin da tsumma, ya haska tocila, ya dubi takarda, ya sake duban inji. Lambar da ke jikin inji daban, wadda ke takarda daban.

Ashe Injiniya injin ma canja shi ya yi. Ya samo wani a wurin masu sayar da ɓaraguzan motoci, ya gyara shi da hannunsa, ya ɗora. Bai taɓa zuwa an gyara takarda ba. Da na tambaye shi dalili, sai ya ce shi a saninsa inji sauti ake ji, ba lamba ake karantawa ba. Yaya, da ba a gaban mutane muke ba da na ci kwalar rigarsa.

Sun ce sai an aika hedkwata an bincika ko injin na sata ne. Sun tura motar wani fili mai waya a kewaye, sun kulle fasfonsa a durowa. Gaba ba shiga, baya ba komawa. Ni nawa fasfon sun buga mini hatimi sun miƙo mini, wai ni ba ruwana, in na ga dama in wuce.

In wuce ina? In bar tsoho mai ciwon suga a wannan wuri, wa zai yi masa allura?

Muna wani ɗaki a bayan ofishin, na direbobin manyan motoci. Benci huɗu, fanka mai fiffike biyu, taga ba gilashi. Famfo ɗaya ne, sai da hantsi yake kawo ruwa. Wata mai sayar da shayi ta tausaya mini tana ajiye mini maganin a firjinta, amma wutar tana zuwa tana ɗaukewa. Akwai direban da ya ce shi yau kwanansa goma sha shida, kuma yana faɗa yana dariya. Dariyar nan ta fi komai tayar mini da hankali.

Mai tabarau ya ce amsa za ta zo gobe. Ki ƙara haƙuri kaɗan.

Taki,
'Yar Rigima

*

Yayata,

Sallama da gaisuwa. Ba zan tambaye ki jiki ba, Auta ta gaya mini. Ta ce kwana biyu ko ruwa sai da cokali, ƙafafun sun kumbura har gwiwa, numfashin kuma yana tsayawa ya dawo. Ta ce yanzu ita take riƙe miki wayar a gaban ido. To zan yi rubutun manya-manya.

Yau kwana shida. Kullum da safe in je in tsaya a tagar ofis, kullum a ce gobe. Jiya na'urarsu ce ta lalace. Yau mai sa hannu ne ya tafi taro. Na roƙa, na yi faɗa, na nuna musu hotonki, har kuka na yi a gaban yaran da na isa in haifa. Ɗaya daga cikinsu ya kawo mini kujera. Iyakar abin da na samu ke nan.

Injiniya ya daina magana. Yana wuni a jikin wayar filin yana kallon motar. Ya zabge, wandonsa har zamewa yake. Na faɗa masa maganganun da shekara arba'in ban taɓa faɗa masa ba. Na ce girman kansa ne ya jawo mana, na ce ya fifita ƙarfe a kan mutum. Sai kawai ya ce in hau bas in tafi, shi zai san yadda zai yi. Yaya zai yi? Mutumin da ko kallon allura ba ya iyawa?

Yaya, don girman Allah ki jira ni. Ke ce kullum mai jirana, a ƙofar makaranta, a tasha, a bakin ɗakin haihuwa. Ki ƙara wannan ɗaya. Tsakanina da ke awa goma sha ɗaya ne kacal.

Ƙanwarki da ke kewarki

*

Auta 'yata,

Assalamu alaikum. Ya haƙuri? Ya yaran, ya baƙi? Allah Ya jiƙan Yaya, Ya gafarta mata, Ya sa ta huta. Ke kuma Allah Ya saka miki da alheri, kin yi jinyar da ni, mai takardar shaidar jinya, ban yi ba.

Sun sake mu yau da hantsi, kwana tara cif. Amsa ta zo, injin ba na sata ba ne. Mai tabarau ya miƙo fasfon har da cewa mu sauka lafiya. Awa goma sha takwas ke nan bayan kiran da kika yi kika sanar da mu rasuwar. Yanzu muna wani masauki a wani gari a rabin hanya, don idon babanku Injiniya ba ya gani sosai in rana ta yi sanyi.

Na ji abin da kika faɗa masa a waya jiya. Ina zaune kusa da shi, muryarki tana fitowa. Kin ce shi ya hana uwarki ganin 'yar'uwarta, kin ce ba za ki yafe masa ba. Ya ce miki haka ne, shi ya riƙe ni, ki yi haƙuri. Ni kuma na yi shiru na bar shi ya ɗauka. Shirun nan ne ya hana ni sakat, shi ya sa nake rubuto miki kafin mu haɗa ido.

Ƙarya ya yi miki. Ga yadda aka yi.

Ran kwana na bakwai da safe, na ɗauko maganin daga wurin mai shayi, sai ya karɓe daga hannuna. Ya zauna a benci, ya ɗage riga, ya auna daidai yadda nake aunawa. Gumi yana ɗiga daga haɓarsa, amma ya soka, ya tura, ya zare. Ashe kwana biyu yana ɓuya a bayan ofis yana gwadawa a jikin lemo da tsohon sirinjina. Ya ce to ga shi na gani, uzurina ya ƙare. Ya riga ya samo mini kujera a bas ɗin ƙarfe tara, kusa da taga. Da kansa ya kai jakata har shinge, inda aka tsayar da shi.

Na shiga bas ɗin, Auta. Na zauna. Direba ya tayar da mota. Sai na buɗe saƙonki na sake karantawa, inda kika ce numfashin yana tsayawa ya dawo. Shekara talatin da huɗu na yi a ɗakin marasa lafiya, na san wannan numfashin kamar yadda na san tafin hannuna. Na san abin da zan tarar, na san yadda fuskar za ta koma, na san ni za a matsa wa wuri a ce sista ga ta nan. Na rufe idanun mutanen da ban san adadinsu ba, ban taɓa ja da baya ba. Amma da na tuna na Yaya ne, sai ƙafafuna suka miƙe da kansu. Na ce a tsaya, na sauko da jakata.

Na dawo na ce masa ban yarda da allurar tasa ba, bai iya ba. Ya dube ni ya daɗe. Ya san ya iya, ya san na sani. Ya karɓi jakar ya mayar ƙarƙashin benci.

Da na zauna a kujerar nan, da na iso da kwana guda a gaba. Da ta gan ni. Tsoro ne, 'yata, ba shinge ba, ba inji ba, ba tsohon nan ba. Shi laifinsa na takarda ne, an bincika an wanke shi. Nawa ban san ofishin da zan kai shi ba.

Gobe da azahar za mu iso in Allah Ya kai mu. Idan kin fito, ki fara gaishe shi, ki ba shi wurin zama, kwana tara bai kwanta a katifa ba. Duk maganar da kika tanadar masa ki ajiye mini, zan zauna in saurara har ki gama.

Abu ɗaya nake roƙo. Kafin mu iso ki rubuto mini amsa, don ba zan iya tambayarki baki da baki ba, kuma kada ki sassauta mini. A ranar ƙarshen nan, ta tambaye ni? Me kika ce mata?

Innarki