Mun Shiga Garin Gwaggo Ba Mu Gaishe Ta Ba

Anti, don Allah ki agaza mini, dabarata ta ƙare.

Da farko ina jinjina wa zumunci. Malamai sun ce yana ƙara tsawon rai, ni kuwa shaida ce, domin wuni guda a falon dangin miji ya fi shekara tsawo.

Ni mai sayar da kayan kicin ce a kasuwa, tukwane da kuloli da farantai. Maigidana mai gyaran firij ne. Mun aurar da manyan yara, auta tana makarantar kwana. Bara likita ya ce jininsa ya hau, ya rage aiki, ya riƙa fita shan iska. Mutumin da tun da aka kawo ni gidansa bai taɓa kai ni ko bakin titi don nishaɗi ba, sai ga shi wata Juma'a yana wanke tsohuwar motarsa, wai gobe za mu garin da ke gaba da mu, mu buɗe ido. Sai da na taɓa goshinsa in ji ko zazzaɓi ne.

Wallahi Anti na gode wa Allah, na gode wa likitan nan, ko a ina yake. Ashe mutumin nan yana da labari a bakinsa, ƙarar injin firij ce ta hana ni ji. A mota yake ba ni tarihin yarintarsa, har waƙa yake rerawa, murya kamar ƙofar shago mai tsatsa, amma ni daɗinta nake ji. Duk Asabar ɗin da muka samu, na bar wa ƙanwata shago, mun kama hanya.

To ga inda gizo ke saƙar. Babu garin da ba shi da dangi. Mu fito da niyyar gidan namun daji, ana shiga gari sai ya ce mu ɗan leƙa Kawu. Kawu ya ce ai ba ma wuce Yaya ba. Ni a shige da ni ciki, a ɗora mini jariri a cinya, a jero tukwane in duba ko na gaske ne aka sayar musu. Shi kuwa, Anti, kowane gida akwai mataccen firij da yake jiransa tun bara. Kafin a kawo ruwa ya durƙusa a bayansa, ni ina haska masa da waya. Mun ga bayan firij iri-iri, har yau ban ga zaki ba.

Shi ne na yi shawara da zuciyata. Akwai wani gari mai babban tafki, can Gwaggonsa take, ƙanwar mahaifinsa, wadda ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsa. Ni da nake sayar wa wanda ya zo neman cokali tukunya, shawo kan maigida ba wuya. Na ce mu fara ganin ruwa, gaisuwa a dawo mata wani zuwan. Muka bi ta bayan gari. Muka shiga kwalekwale, ya ƙanƙame hannuna wai kada in ji tsoro, alhali shi ne mai jin tsoron. Ban taɓa wuni irin wannan ba tun ina amarya.

Daɗi ya ɗebe ni, na sa hotonmu a waya kowa ya gani. Gwaggo ba ta da babbar waya, amma matar ɗanta tana da ita, kuma ba ta da rowa. Yanzu Gwaggo ba ta ɗaukar kiransa. Saƙo ɗaya ta aiko, wai ta samu labarin ita Gwaggo ta rasu, Allah ya ba shi haƙurin rashi.

Bai yi mini faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya lulluɓe motar da tamfol, ya ce yawo ya ƙare. Asabar ta koma ta shago, waƙa ta ɗauke. Anti, yaya zan yi a yaye tamfol ɗin nan ba tare da na koma haska bayan firij ba?

Taki, Mai Tukwane.

Mai Tukwane, sannu da ƙoƙari.

Ki ƙara godiya. Wasiƙun da suke zuwa mini yawanci na matan da suke neman miji ya zauna da su ne ko na ɗan lokaci, ke naki har kwalekwale ya shiga saboda ke.

Kina da gaskiya a abu ɗaya: hutun da yake ƙarewa a durƙushe ba shi likita ya rubuta ba, kuma mata da miji suna da haƙƙin wuni nasu su kaɗai. Amma kin yi cinikin da riba ta cinye uwar kuɗi. Gwaggo ba gyara take nema ba. Ɗan da ta goya ne ya zagaye ta ta bayan gari, kuma a hannun suruka ta gani. Shi ma ba ke yake hukuntawa da tamfol ba, kunya ce ta rufe shi.

Ke za ki buɗe. Ki ce masa Asabar mai zuwa wajen Gwaggo za ku, ita kaɗai. Ki zaɓi tukunya mai kyau, ki durƙusa ki ce ke kika ja shi. Kada ki kawo hujja, bakin 'yar kasuwa ya tsaya a mota. In ta huce, ku ɗauke ta ku kai ta bakin tafkin. Kada ki yi mamaki in ta tsufa a garin ba ta taɓa zuwa ba.

Daga nan ku sauya tsari. Kallo da safe, gaisuwa da la'asar a kan hanyar komawa, lokacin da ba mai riƙe baƙo. Akwatin kayan aiki ya kwana a gida, wanda ya nuna firij ki gaya masa maganar likita, ke ce za ki iya faɗa ba shi ba. Hoto kuma ba dole sai duniya ta gani ba.

Allah ya ƙara wa maigida lafiya, ya sanyaya zuciyar Gwaggo, ya nuna miki zaki.

Ku kuma masu karatu da kuke ta yi wa tsohuwa dariya, wancan ɗan'uwan da ya shigo garinku bai leƙo ku ba, kun fara amsa gaisuwarsa?