Zoben da Na Yanko daga Salansa

KwaNobuhle, Kariega
Watan Fabrairu

Zuwa ga matata Nosakhe,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, sanyin Jamus bai kwantar da ke ba. Mu nan lafiya lau. 'Yarki Asemahle tana zuwa makaranta, ƙafar Mama kuma ta yi sauƙi. Kin ce in daina rubutu a takarda ina ɗaukar hotonsa ina turo miki kamar tsoho. Ba zan daina ba. A waya ke ce mai magana, ni sai "to, to", sai kin kashe sannan abin da zan faɗa yake zuwa mini.

Hoton da kamfaninku ya buga a jaridar ma'aikata ya iso masana'antarmu. Abokina Fezile ne ya manna shi a jikin kabad ɗina. Ga ki nan cikin farar riga, a gaban batirin mota mai girman katifa, wuri fes kamar asibiti. Fezile ya ce, "Mlungisi, ka fara koyon wanke-wanke, maigidan ya kusa dawowa." Aka yi dariya har da ni. Amma na fi su kallon hoton, kuma na ga abin da ba su gani ba.

Wane ne wannan saurayin da ke tsaye a bayanki, riƙe da doguwar sanda mai ƙugiya kamar makiyayi? An rubuta Luvuyo a ƙarƙashinsa. Kowa a hoton aiki yake yi, shi kuwa ya zuba wa matar mutane ido.

Sannan kin cire safar hannu kina ɗaga wa mai hoto hannu, yatsanki fayau. Ina zoben? Na san ba zinariya ba ne. Daga bakin bututun salansa na yanko shi, ƙarfen da ba ya tsatsa, na yi ta goge shi a lokacin hutun cin abinci har ya yi ƙyalli, nawa da naki daga bututu ɗaya. Kusan shekara ashirin ban taɓa ganin hannunki babu shi ba, ko kina kwaɓa fulawa. Ko a can an fara jin kunyar ƙarfena ne?

Aiki ya ja baya, an soke mana aikin ranar Juma'a. Turawan da ke sayen salansarmu sun rage oda, tunda motar da kike koyon haɗawa ta lantarki ce, ba ta hayaƙi.

Ki amsa mini maganar zoben. Mama da Asemahle suna gaishe ki.

Mijinki,
Mlungisi

KwaNobuhle
Watan Maris

Nosakhe,

Ina gaishe ki, ina fata murar da na ji a muryarki ta sake ki. Mu ƙalau muke, sai dai gidan ya yi shiru.

Na saurari saƙonki har na haddace. "Haba Baban Asemahle, kai da hankalinka? Ko ɗan kunne ba a shiga da shi wurin nan. Wutar batirin in ta sami zobe, da shi da yatsan za ta narkar. Yana nan ƙulle a bakin ɗankwalina." To, na ji. Kin kuma ce dokar aikin ce, mutum ɗaya ba ya taɓa batir, dole wani ya tsaya a baya da sandar roba, in wuta ta riƙe mai aiki ya saƙalo ƙugunsa ya fizgo shi. Kin zaci wannan zai kwantar mini da hankali? Wato albashi ake ba yaron nan don ya wuni yana kallon ƙugunki. Ni ko kyauta ban samu ba tun Janairu.

Amma bari in gaya miki gaskiya, ba Luvuyo kaɗai ba ne. Ke ma kishinki nake yi, irin kishin da ma'aikaci ke yi wa ma'aikaci. Ni na raka ki ƙofar kamfanin motar nan ranar da kika fara aiki, ina mai walda da kowa ya sani. Da aka sa ki sashen wayoyi na riƙa tsokanarki, ina cewa kitso kike yi wa mota. Yau mai kitso ce a jirgin sama, ni kuwa an tara mu an ce ƙarshen Afrilu za a rufe layin salansa. Shugaban ƙungiyar ma'aikata ya yi ta ɗaga murya, muka rera waƙa, muka watse. Ran Lahadi fasto ya kira sunanki yana sa albarka, mata suna guɗa. Na sunkuyar da kai kamar mai addu'a, alhali raina ne ya ɓaci.

Sai kuma kika ƙara da cewa in an buɗe layin batir a nan gida za a ɗauki masu riƙe sanda daga cikin waɗanda aka sallama, horon agajin gaggawa kawai ake nema. Na yi kuskuren gaya wa Fezile. Ya ce, "Kai dai ka dace, ɗan'uwa. Madam na aiki, kai kana riƙe mata sanda. Jakarta fa, wa zai riƙe?" Kada ki kai sunana ko'ina. Hannun da ke haɗa ƙarfe da ƙarfe ba zai wuni a tsaye yana gadin iska ba. In an rufe, ƙauye zan koma wurin shanun Baba a Qumbu. Ke da Asemahle ku zauna a nan, tunda garin ya zama naku. Zan riƙa leƙowa lokacin Kirsimeti.

Ki sha magani, ki rufe wuyanki.

Mlungisi

KwaNobuhle
Farkon Mayu

Matata Nosakhe,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata kina cin abinci, don a hoton bidiyon da kika turo wa Asemahle kin rame. Ni ba ki turo mini komai ba tun waccan wasiƙar, kuma ban ga laifinki ba.

Na riga na ɗaure kayana a buhu lokacin da yarinyar ta kawo mini wayar. Ke take nuna mini, hannayenki cikin batirin har gwiwar hannu, amma ni bayanki na duba. Nosakhe, yaron nan ba ya kallonki. Ya jingina da sandar, hannu ɗaya ya riƙe ta, yana hamma, yana kallon wata Baturiya da ke wucewa. Na maimaita bidiyon. Wuta ta taɓa riƙe ni a wurin walda, na san ba ta jira mutum ya gama hamma. Wata biyu ina jin haushin yana kallonki, ashe abin da ya fi shi muni yana nan.

Washegari na je ofishin ɗaukar ma'aikata na kamfaninku. Matar da ke wurin ta dubi hannuna ta ce, "Baba, zoben nan fa ba zai shiga ba." Na ja, ya ƙi. A gida muka sa sabulu, muka sa man girki, Mama ta kawo zare, yatsa ya kumbura kawai. Nama ya riga ya rufe shi.

Ranar da aka rufe layinmu, bayan salansa ta ƙarshe ta wuce, na ɗora hannuna a kan teburin aikina na yanke zoben da kaina. Aikina na ƙarshe ke nan a masana'antar. Fezile ne ya riƙe mini hannun, kuma ranar bai yi tsiya ba. Wurin ya yi fari, yatsan kamar ba nawa ba. Zoben yana cikin kofin shayinki, yana jiran naki.

Kada ki zaci kishin ya wuce. Farar rigar nan har yanzu tana ci mini rai, kuma na san ranar farko da zan tsaya a bayanki da sanda, samari suna wucewa, zan so ƙasa ta tsage in shige. Zan dai tsaya. Matar ofis ta ce ba su cika haɗa miji da mata a batir ɗaya ba. Na ce mata ta nemo mini mutum ɗaya a duk Kariega da zai fi ni kallonki, in ta samu ta ba shi sandar. Ta yi dariya ta ce in zo horo ran Litinin.

Ki gaya wa Luvuyo ya riƙe sandar nan da hannu biyu har ki dawo. Daga nan ya nemi bayan da zai tsaya, wannan yana da mai shi.

Na kwance buhun. Ki gaya mini ranar saukarki.

Mijinki,
Mlungisi