Na hana ƙanena jefa ƙwaya, na ce sai ya yi magana

Assalamu alaikum admin da 'yan uwa na wannan zaure. A ɓoye sunana, kuma don Allah ku ba ni shawara, ni dattijuwa ce mai jikoki amma abin nan ya fi ƙarfina.

Lokacin da kuɗin fetur ya shigo ƙasar nan aka ƙara wa Babanmu girma a wurin aiki, muka tashi daga Gama muka koma Nassarawa GRA. Gida kam gida ne, sai dai shiru kamar asibiti, ba yaran layi, ba dandali, kuma Baba ya hana mu fita. Wani ɗan kawunmu da ya dawo daga karatu a waje shi ya nuna mana wasan da ake yi a kan tebur, mutum ɗaya yana ba da labari, sauran kowa ya zama wani a cikin labarin, in za ka yi abu mai wuya ka jefa ƙwayar ludo ta yanke maka. Sai muka mayar da shi namu, ayarin fatake da raƙuma. Ni ce mai ba da labari, saboda Allah ya hore min baki, har gasar muhawara nake ci a makaranta. 'Yan wasan su ne ƙanena, zan kira shi Bala, da yaran maƙwabta biyu.

Bala yana da in'ina mai tsanani. Duk da haka da aka zo zaɓe sai ya ce shi ne mai magana da yawun ayari, ya rubuta a katinsa na wasan cewa ya fi kowa iya lallashi. Ban gane ba a lokacin, yaron nan so yake ko a wasa ne ya ɗanɗana yadda masu baki suke ji.

Wata Asabar bayan la'asar ayari ya iso ƙofar wani gari, ruwa ya ƙare, mai tsaron ƙofa ya hana su rijiya. Bala ya ɗauki ƙwaya zai jefa, na riƙe masa hannu, na ce faɗa da hawan doki ne ake jefa wa ƙwaya, lallashi kuwa sai da baki, ya tashi ya shawo kaina. Ya ce ai Habu, ɗaya daga cikin yaran maƙwabtan, bai taɓa hawa doki ba amma ƙwaya tana hawar masa, don me shi ba za ta yi masa magana ba. Wallahi ya fi ni gaskiya, amma na ce daɗin wasan a maganar yake. Ya miƙe, ya fara "ranka ya daɗe", harafin farko ya maƙale masa. Ni kuma da sunan ni ce mai tsaron ƙofa na kwaikwayi in'inarsa, yaran suka fashe da dariya, na ce raƙuma sun mutu da ƙishirwa. Ya ajiye katinsa ya fita, bai sake zama a teburin ba.

Shekara kusan hamsin kenan. Ba mu taɓa faɗa ba, yana zumunci, yana girmama ni, na ɗauka abin yarinta ne ya wuce. Kwanan baya na tarar da jikokina suna irin wasan, na tambaye su ya suke yi da lallashi. Babbarsu ta ce, "Hajiya, ka faɗi abin da kake nufi ko da kalma biyu ne sai ka jefa, in ka tsara magana a ƙara maka maki, in ba ka iya ba ba a rage maka." Na shiga ɗaki na yi kuka, yara sun gano abin da na kasa.

Bala yanzu yana kwance a gidansa a Tudun Wada, sati mai zuwa za a yi masa aiki a maƙogwaro, likita ya ce da wuya muryar ta dawo. Na je dubiya na sako zancen cikin wasa, sai ya yi murmushi ya ce, "Yaya, ai na san abin da zan faɗa wa mai ƙofar nan, har yau ina sane da shi." Da zan fito matarsa ta faɗa min ko auren 'ya'yan yayanmu marigayi, da shi ne waliyyi, wakilta wani ya yi, ya ce tun yana yaro aka nuna masa matsayinsa a gaban mutane. Ni ce na nuna masa, kuma zuciyata ta karye.

Ɗana ya ce in nemi yafiya kawai in bar tone-tone. Jikata ta ce mu kai masa wasan har gado, a koma ƙofar garin. To in na miƙa masa ƙwaya, kamar na sake ce masa har yanzu bai iya magana ba ne. In na ce ya faɗa da bakinsa, na sake tsayar da shi a inda na tsayar da shi, kuma yanzu kowace kalma da ciwo take fita. In na yi shiru kuma, ba zan taɓa jin abin da ya riƙe duk shekarun nan da muryarsa ba.

Don girman Allah wanne zan yi? Kwana shida suka rage min.