Takardar Hutun Dogara

Juma'a, 4 ga Oktoba, 2024

Tsohon Ba'italiyen nan na gida mai lamba tara a rukunin da muke gadi ya tare ni bayan la'asar, wai sai na kalli fim ɗin ƙasarsu. Na zauna don kara kawai, na ƙare ina riƙe ciki don dariya. Wani basarake ne a Rum ta zamanin da, ga dukiya ga sarauta, ba shi da aikin yi sai tsokanar mutane. Ya shirya wa wannan, ya ruɗa wancan, barorinsa na ta dariya. Rabin fassarar ta wuce ni, amma na gane mutumin sarai. Ni ne, sarautar ce kawai babu.

Tsohon ya ce da mahaifinsa suka fara kallonsa. Har da share hawaye.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Wata biyu ke nan da aka naɗa ni sufabaiza, wato shugaban masu gadin rukunin gidajen nan na unguwar Al Aziziya. Mutum goma sha ɗaya a hannuna, har da Dogara, ɗan Goggo Atine, taubashina. Tun muna yara a Gusau nake ce masa bawana, tunda ni ne ɗan namiji, shi kuma ya ce min ubangidan da ba shi da ko akuya. Ya taɓa zuba min barkono a shayi a ɗakinmu na unguwar Mansura, bayan mun zo aiki ƙasar waje, na rama da ɗinke masa ƙafar wando.

Hutunsa ya fito, ran sha biyar zai tafi gida. Shekara uku bai ga Goggo ba. Sai washe baki yake kamar ango. Na san abin da zan yi masa.

Litinin, 7 ga Oktoba

Na yi. Na buga takarda a ofis, da hatimi da komai, cewa an soke hutunsa sai baɗi. Na miƙa masa a bakin get fuska a murtuke, na ce, "Khalas, shi ke nan, daga sama ne."

Niyyata minti goma in dawo in yi masa dariya. Sai aka kira ni taro, daga nan aka tura ni unguwar Bin Omran. Ban dawo ba sai bayan la'asar.

Da na faɗa masa wasa ne, ya daɗe yana kallona. Sannan ya yi dariya, ya ce, "Oga ya iya wasa."

Oga. Ni.

Laraba, 9 ga Oktoba

Shi ma ai ya cika fushi. Wasan taubasai ne, ba yau aka fara ba. Ina jira ya rama, shiru. Da safe har tashi ya yi ya ba ni kujera a motar kamfani, a gaban mutane.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Wahid, sufabaizan ɗaya rukunin, ya ce min ran Litinin ɗin a gabansa Dogara ya kira gida ya ce ba zai zo ba. Ya ce ya gan shi ya juya wa get baya yana goge ido da hula. Na ce ai wasa ne tsakaninmu, al'ada ce. Wahid ya ce, "To shi zai iya buga maka takarda da hatimi?"

Haushinsa na ji, har yanzu ma ina ji.

Asabar, 12 ga Oktoba

Na roƙi tsohon ya sake sa min fim ɗin. Har yanzu da ban dariya, kuma basaraken nan ba mugu ba ne, zaman banza ne ya yi masa yawa. Ina tausayinsa ma. Amma yau idona ya ƙi tsayawa a kansa, sai kan barorin da ke bayansa. Akwai wani da yake fara duban fuskar maigidan kafin ya yi dariya. Na tashi ba a gama ba, na ce aiki.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Saƙon murya daga Goggo. Wai ta riga ta daka yaji, ta sa an gyara ɗaki. "Uwaisu, kai da ka san manya, ka roƙar masa Ogan nan nasu, ko sati biyu ne. Ƙafar nan tawa ba ta da tabbas."

Ashe bai faɗa mata ni ne Ogan ba. Bai ma faɗa mata hutun na nan ba. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Sai na gan ni a cikin jirgi tukuna." Ba da faɗa ya faɗa ba. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Talata, 15 ga Oktoba

Ya tashi da hantsi. Ni na ja masa akwati har layin awon kaya a filin jirgi, ya bar ni na ja.

Na rubuta wa ofis cewa in ya dawo a mayar da shi ƙarƙashin Wahid. Na ce don daidaita yawan ma'aikata ne, kuma ai da gaskiya a ciki.

Goggo kuma na yi mata saƙo sau huɗu ina gogewa. Wanda na tura gajere ne. Na ce, Goggo, yana hanya. Na yi magana da Ogan, ya ji kunya sosai.